Cikin Karfasa

Shekara goma sha tara ina feɗe kifi a Farin Gada.
Wuƙata kan san abin da ke cikin karfasa
tun kafin idona ya gani.

Da, in damina ta kankama,
ƙwai ne danƙam, kamar gero ya sha ruwa,
in tara a kwano in soya wa yara.
Bana Ilu ya sauke kwando daga tafkin kuza,
na tsaga ta fari, wayam.
Ta biyu, wayam.
Sai a ta bakwai na sami abin da bai cika cokali ba,
hantarta ta koɗe kamar zanen da ya gaji da wanki.

Ilu ya ce maita ce.
Na ce wace mayya za ta bar mutum ta bi kifi?

Hajjo, 'yar ƙanena mai karatu a jami'a,
ta tsinci tsohon silifa a bakin kwata,
ta lanƙwasa shi gida biyu.
"Goggo, me ya hana shi karyewa?"
Wai akwai abin da ake zuba wa roba don ta yi laushi,
tiyo, ledar ɗaki, rigar waya,
kuma ba mazauni ba ne.
Rana ta gasa, ruwa ya lasa,
sai ya sulale ya bi rafi,
ba launi, ba wari.

An ce kifi na ganinka, mai jar koma.
Wannan fa?
Da shi yake numfashi, a cikinsa yake barci.
Har namijin, in ji Hajjo, jikinsa kan rikice
ya fara aikin da ba nasa ba.
Na yi dariya.
Ita ba ta yi ba.

Jiya na bi Ilu bakin tafkin.
Ruwan kore shar, lafiya lau a ido,
duwatsu na kallon fuskarsu a ciki.
Ya ja taru, ya tsuguna yana tona
don ya mayar da ƙanana, yadda ubansa ya koya masa.
Ya daɗe yana tonawa.
Babu na mayarwa.

Da magariba mai ya yi zafi,
wani direba ya ce a ba shi na dubu, a sa yaji.
Na kwaso daga kasko yana tururi,
na miƙa hannu ga baƙar leda kamar kullum,
sai hannun ya tsaya.

"Hajiya, sauri nake yi."