Awon Wando

Karo na huɗu Muddassir ya kawo wandonsa Gangare,
na buɗa, na ƙara ƙyalle, har na ƙure zare.
Bara waccan kan duwatsu nake hango shi, sai ka ce ɗan akuya;
yau matakala ukun shagona sun sa shi haki,
soyayyen dankali a leda, lemon kwalba a hammata.

"Baba tela, kar ka faɗi lambar da ƙarfi."
Abokansa na waje. Buhu suke ce masa.
Na zagaya tef, ya haɗiye ciki,
ya kafe rufi da ido.
Na rubuta, na kife littafin.

Sanyin Jos na ratsa ƙashi, ba rigar sanyi jikinsa.
Ta bara ta ƙi shiga.
Wai zafi yake ji.