Kunamar Ruwa a Runjin Sambo

An ɗauke wuta tun hantsi.
La'asar ta yi, firji na zufa,
ƙanƙarar da ta rako su daga Ikko
ta bi siminti tana tsiyayewa.

Kilo huɗu na jatan lande
Sahabi ya aiko a motar dare,
da 'yar takarda a ninke:
“Yaya Luba, haka na ci shi a Luwiziyana
shekarun da nake karatun mai.
Girkin Kejan suke ce masa.
Kada ki ji tausayin barkono,
kada ki bar shi ya daɗe yana dahuwa.”

Na so in ajiye sai Juma'a.
Zafin Sakkwato bai san Juma'a ba,
ko yau, ko zubarwa.

Na tura Modi Tsohuwar Kasuwa
ya dawo da tafarnuwar Goronyo,
albasa mai jan kunci, ɗanyar masara,
ƙananan dankali, lemun tsami bakwai.
Wani ganye kuma, wai shi seleri,
mai kayan miya ya juya takardar sama da ƙasa
ya ce a gaishe ni, ga lawashi,
in bai yi ba, ba shi da abin cewa.

Tukunyar suna na sauko da ita,
wadda rabonta da murhu tun haihuwar Kulu.
Gishiri, masoro, citta, kanumfari,
barkono har sai da agwagin maƙwabta suka yi atishawa.
Dankali ya fara shiga, masara ta bi,
su kuma baƙin sai can ƙarshe.
Da toka-toka suka faɗa,
suka taso jajaye kamar an yi musu lalle,
gashin bakinsu na ta rawa.

Inno ta leƙo da carbi a hannu.
“Wanga mi na? Kunama ta, wallahi!
Ba ni cin abin da ka kallona.”
Malam Ladan ya gyara tabarau:
“Inno, abin ruwa halal ne.”
Ta ce, “Kada ma ruwa shika kwana,
kai ka ci, ni ina kallo, ban hanawa.”

Ba faranti, ba cokali.
Na shimfiɗa leda a kan tabarma
na juye tukunyar gaba ɗaya,
tururi ya tashi ya rufe fitilar waya.
A murɗe kai, a tsotse romon,
a ɓare wutsiya, ga 'yar tsokar nan
ba ta kai ɗan yatsa ba,
aikin awa guda, loma ta ƙiftawa.

Modi na hawaye, yana miƙo hannu.
Kulu ta jera kawuna tana ba su suna.
Malam ya naɗe hannun riga har gwiwa,
ya manta da labaran ƙarfe takwas,
romo ya bi gemu, bai damu da gogewa.

Inno masara kawai ta ɗauka.
Ta gaigaya, ta tsaya, ta sake gaigaya.
Sai ta yi shiru mai tsawo.
“Ƙamshin Rima,” ta ce, “in ruwa ya janye.
Babanmu kan samo irinsu cikin koma,
ƙanana, mu watsa ma kaji.”
Ta matso da gefen zanenta kusa da ni,
ba ta dube ni ba:
“Ɓare min guda, in ji abin da kaji ka ɓoyewa.”

Ta ci tara. Na ƙirga.

Sha ɗaya saura aka kawo wuta,
firji ya farka yana gurnani a kan wofi.
Na tattara ɓawon, ban ba kyanwa ba,
gobe zan tafasa shi ya ba da ruwa,
in soya gari a man shanu har ya yi kalar ƙasa,
in zuba a kan shinkafar Wurno.
Wannan ba ya cikin takardar Sahabi.
Leɓena na zugi har yanzu,
yatsuna kuma, sabulu biyu,
ƙamshin ya ƙi wankuwa.