Shanyar Batula

Mai Wurno, bazara ta kai maƙura.
Tun ladan bai sauko ba
iska ta ɗau zafin bakin tanda.
Na zagaya bayan gida da ƙwarya,
mai ɗinkin nan a gefe, ta Batula,
na tsaya gaban kuɓewarta
kamar baƙon da bai san gaisuwar gari ba.

Ita ta shuka. Ni jan ruwa na sani:
bokiti biyu, ran da famfo ya ga dama,
ran da ya ƙi, jakin Tanimu ya hauro daga Bahar,
jarkoki huɗu na kuka a haƙarƙarinsa.
Ta ga tsiro, ba ta ga fure ba.
Jiya aka yi arba'in.

Ashe kuɓewa ba ta zaman makoki.
Ka juya mata baya kwana uku,
ta yi ƙaho, ta gagari wuƙa.
Ƙaiƙayinta ya ci ni har gwiwar hannu.
Tumatir ya nuna lokaci guda kamar an yi shela,
wasu sun fashe, tsuntsaye sun fid da zakkarsu.
Lalo ya miƙe, barkono ya yi jawur.
Firiji kuwa, tun Talata da wuta ta tafi,
ya zama akwatin ajiye kwanoni.

Ina yanka a gindin darbejiya
sai ga kan Inna Yalwa bisa katanga:
"Malam Barau, yanka kake ko faskare?
Siriri ake yi, kamar kwabo.
Tumatir a tsaga biyu, ciki ya dubi sama,
gishiri kaɗan, kar ka yi masa wanka.
Lalo kuma ɗan inuwa ne,
ka kai shi rana, ka ci ciyawa da damina."
Shekara talatin ina koyar da lissafi,
yau ni ne ɗan aji ɗaya.

Muka baza tabarma kan gadon igiya.
Jikata Sittana ta ɗau kara
ta zama sarkin yaƙin kaji da akuya.
Ƙuda fa? Babu kara da ke korar ƙuda.
Ta shiga ɗaki ta fito da mayafin kakarta,
shuɗin nan mai shara-shara,
muka kama gefe-gefe muka lulluɓe shanya.
Ƙanshin turarenta ya tashi daga zaren.
Na ce wa yarinyar barkono ne ya shigar mini ido.

Rana ta yi aikinta, ba ta nemi lada ba.
Kwana huɗu, kuɓewa ta fara kacau-kacau a tafi,
tumatir ya yamutse kamar kunnen tsoho,
lalo na murmushewa da taɓawa ɗaya.
Maƙwabta na ce mata waika,
mu busasshiya muka gada,
turmi dai bai tambayi sunanta ba.

Gwangwanin madara uku na cika.
Ɗaya na Mujtaba, direba zai kai masa Bur Sudan.
Ɗaya na Inna Yalwa, kuɗin makaranta.
A na huɗu, can ƙuryar kanta,
na tarar da ƙullin tsumma babu komai ciki.
Nan take ajiye iri,
wanda ta ce kakarta ta ƙullo a bakin zane
daga Yamma, a kan hanyar Makka.
Tsohuwar ba ta haye teku ba,
irin ne ya sami wurin zama.

Na koma lambu da gudu irin na tsofaffi.
Waɗancan da suka gagari wuƙa,
da na yi niyyar watsa wa akuya,
suna nan tsaye, sun bushe a kan uwarsu.
Na girgiza ɗaya a kunne. Ta amsa.

Da daddare na kaɗa miya.
Gishiri ya zarce, yauƙi bai kai nata ba.
Sittana ta kai loma, ta dube ni,
ta sha ruwa,
ta sake kai hannu.