Banjon Gwanjo

A gwanjo na same shi, bayan layin 'yan rediyo a Sabon Gari,
tsakanin matacciyar fanka da takalmi wari guda.
Tsirkiya huɗu, biyu sun ci tsatsa.
Mai kayan ya ce garayar Turawa ce, in kawo abin da ya sawwaƙa.

Yau ga ni a sahu na uku,
goge goma sha ɗaya a gabana, masu busa a ƙeyata,
ga Malama Rifkatu da 'yar sandarta kamar tsinken tsire.
Ta ce, "Tanimu, kai kaɗai takarda ba ta san da zamanka ba.
Zaɓi ɗaurin tsirkiyarka kafin Asabar."

Ɗauri uku ne.
Akwai na sama, do, so, re, la, mai tsini,
yana keta taro kamar hon ɗin adaidaita a Ƙofar Mata.
In ka yi kuskure, har mai gadi sai ya ji.
Akwai na ƙasa, muryar wanda ya tashi daga barci,
ya bi sawun goge, ya laɓe a inuwarsa.
Babu mai zarginka,
babu kuma wanda ya san ka zo.
Na ukun na masu jita ne. Barau ya ce shi ya fi sauƙi.
Na ce in sauƙi nake nema, ai da ban rufe shagon agogona ba.

Kwana uku ina murɗa masa kunne a soro.
Damina ta sa fatar ta saki,
na kanga ta a bakin gawayin mai shayi har ta dawo hayyacinta.
Tsirkiya ɗaya ta tsinke, ta tsaga mini ɗan ali.
Maƙwabciya ta aiko yaro, wai ko lafiya.

Na ɗaure shi sama.
Ban san dalili ba. Wataƙila na gaji da laɓewa.

Ran Asabar na ƙirga gaɓa arba'in da biyu, hannuna a cinya.
Sai aka ɗauke wuta.
Goge suka fara tuntuɓe ɗaya bayan ɗaya,
takardunsu sun zama bango.
Ni da ba a rubuta mini komai ba, me zan rasa?
Na kaɗa. Tas, tas, kamar ruwan farko a kan kwano.
Can na ji sarewa ta lallaɓo ta kama gefen rigata,
sannan babban goge, yana nishi.

Da janareta ya tashi Malama ba ta dube ni ba.
Ta dai ciro fensir daga ɗankwalinta,
ta yi ɗan rubutu a gefen shafi.