Mai Ƙafa Uku

A kasuwar tsofaffin kaya ta Porto, ran Asabar,
tsakanin agogon da ya gaji da ƙirga lokaci
da tulin faya-fayan da ba mai saurare,
na gan ta a kife, ƙafafu uku a sama,
kamar akuyar da ta faɗi ta rasa mai tayarwa.

Abílio mai rumfa ya ce Yuro arba'in.
Na taya ashirin. Ya dafe ƙirji,
ya rantse da kabarin uwarsa icen zaitun ne,
ya girmi kakana, ya girmi gadar ƙarfe.
Muka shirya a talatin,
kowa na murna ya kwari ɗan'uwansa.

Na hau da ita bene hawa huɗu.
Kwana biyu ina murza mata kakin zuma,
ban taɓa tsagar gefen ba,
don mujallar da nake saye ta ce tsaga ita ce adon,
ramukan ƙwaro kuwa kar a kuskura a toshe.
Na ajiye ta gindin taga, inda ranar la'asar ke sauka,
na ɗora mata tukunyar fure da littattafai biyu
da ban karanta ba, launin bangonsu ne ya dace.

Baƙi suka yaba.
Leonor ta durƙusa ta ɗauke ta hoto,
Duarte ya ce irinta a Lisbon sai ɗari da hamsin.
Ba wanda ya zauna.
Wa zai zauna a kan ado?

Sai ga Baba cikin sanyin Janairu,
ya sauko daga duwatsun arewa ganin likitan ido.
Na nuna masa kujerar kushin,
ya dube ta kamar na nuna masa rijiya.
Ya zaga falon yana dogara sanda,
ya tsaya gindin taga.

Bai nemi izini ba.
Ya sauke furen ƙasa, ya miƙo mini littattafan,
ya juya ta sau ɗaya, ƙafa guda ta koma baya,
ya zauna.
Gwiwoyinsa suka buɗe da kansu,
goshinsa ya sunkuya yana laluben cikin dabbar da ba ta nan,
yatsunsa na matsa iska,
dama, hagu, dama,
har na kasa kunne ko zan ji ƙarar madara a bokiti.

"Graciete," ya ce, "mai wannan bahago ne.
Dubi gefen da ya cinye.
Gajere ne kuma, ko mace,
an rage ƙafafun da zarto, ba hannun gwani ba."
Ya bi tsagar da babban yatsa.
"Shurin saniya. Ga ɗan'uwansa a ƙaurina."

Abin da ya hango daga taƙi guda da ƙasa,
ni a hawa na huɗu ban hango ba.

Na ce, tamu fa, ta gida?
"Uwarki ta sa ta murhu
shekarar da muka sayar da awaki.
Ta ci wuta da kyau."
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kwana tara ya yi.
A kanta ya sha romo, a kanta ya ɗaure takalmi,
a kanta na ɗiga masa maganin ido
yana zagin likita ƙasa-ƙasa.

Ya koma tun makon jiya.
Furen na nan a ƙasa, bai yi ƙorafi ba.
Da yamma nakan ja ta kicin in fere dankali,
bayana na ciwo, ban iya zaman ba tukuna.
Gindin tukunyar ya bar mata zobe,
na goge, na goge, ya ƙi fita.
Na bar shi. Nawa tabon ke nan.
Wata Asabar wani tsoho zai shafa shi ya ce,
"Mai wannan ba ta san me ta saya ba."