Abin Da Ke Cin Saiwa

Ayaba talatin na dasa a bakin Daberam,
mutanen Daura na dariya:
"Ilu, nan ƙasar gero ce, ba Kurmi ba."
Na yi shiru, na ja ruwa.

Shekara ta zagayo, ta yi nono,
ganye ya kai faɗin tabarma.
Wata Laraba, ba iska, ba hadari,
babbar cikinsu ta durƙusa
kamar raƙumin da tafiya ta ishe shi.
Na tona gindi. Saiwa ta yi baƙi,
ja-ja a ciki, tana marmashewa a hannu.

Na zargi gara. Na zargi baki.
Na zargi Mati mai lambun gabas
da bai amsa sallamata ran kasuwa ba.
Allah ya yafe mini wannan.

Lawandi malamin gona ya zo bisa babur,
ya ƙulle ƙasata a leda, ya nufi Katsina.
Kwana tara ya dawo:
"Tsutsa ce, ta fi zare siranta,
ido ba ya kama ta."
Na ce, ko haki ana ganin sa
kafin ya tsone ido.

Maganin tsaba-tsaba ne kamar tsakin dawa,
warinsa na hawa kai.
Safar roba, ƙyalle a hanci,
awo guda, kar ka ƙara,
ka zagaye gindi, ka rufe da ƙasa.
"Nesa da rijiya. Ɗaure awaki.
Kar a sare nono
sai kwanakin da ke jikin takarda sun cika."

Sau uku na wanke hannu da sabulu,
duk da haka da cokali na ci tuwo.
Da safe na tarar da tana a miƙe,
ita da ba ta ci mini komai ba,
da kwaɗo guda, ciki sama.
Na binne su da bakin fartanya.

Sha tara suka rage.
Sabon ganye ya leƙo a naɗe
kamar wasiƙar da ba a buɗe ba.
Tasalla, autata, kullum sai ta ce yaushe,
ina jan kwanaki da gawayi a bangon zaure.

Jiya Mati ya yi sallama ta kan darni,
saiwar tumatirinsa a hannu, duk ƙululu.
Na amsa har da tambayar gida,
na karanto masa lambar Lawandi.