Sikari a Aljihun Baba

Shekara uku muna yawo da sikari kamar masu laya:
ƙwaya biyu a aljihun Baba,
uku a ƙulle a bakin zanen Inna,
ɗaya a tafin hannuna har ta narke.

Da asuba abin ke zuwa.
Gumi ya jiƙa matashi,
hannun da ya ɗinka rabin jakunkunan Birni
ya kasa riƙe basilla.
Ya dube ni ya ce, Zuwaira,
sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba.
Sai na tura masa ƙwayar ƙarƙashin harshe,
in ƙirga ɗari,
Baba ya dawo.

A Kasuwar Dole an ce iskokin duwatsu ne.
Wani ya ce sha yake a ɓoye.
Ganin ya yi ƙiba, sai aka ce ciniki ya buɗe,
ba su san fura yake sha tsakar dare
don ya ga wayewar gari ba.

Lokotoro Tsahiru bai ɗaga murya ba.
Ya sa shi azumi a gadon asibiti, azumin da ba sahur,
ana ɗiban jini, ana rubutawa.
Kafin la'asar ta biyu Baba ya manta sunansa.
Nan ya juya takardar magani, ya zana mana:
ga tumbi, ga wata tsoka kwance a bayansa,
ga ɗan ƙari a jikinta, bai kai gujiya ba,
yana ta zuba insilin ba a aike shi ba,
yana share sikarin jini kamar mai sharar da ba ta san ta gama ba.

Ranar aiki Baba ya ce a faɗa wa mai wuƙar
ya yi ɗinki ƙanana, zai duba.

Awa huɗu. Inna ta cinye nata ukun ba ta sani ba.

Ya duba ɗin kuwa. Ya ce ba laifi,
amma da shi ne da ya ja zaren kaɗan.

Bana ya kai azumi talatin.
Jiya na ɗauko tsohuwar rigarsa zan wanke,
na tarar da aljihun cike da kiyashi,
suna fita ɗaya bayan ɗaya
da abin da ya rage na tsoronmu.